Takalman Birijit

Ranar wani suna a unguwar Al Ras, wata yarinya mai karatun digiri na biyu ta tambaye ni aikin da nake yi a Dubai. Na ce binciken asalin mutane nake yi, yawanci Turawan da kakanninsu suka bar ƙasar Ayilan suka bazu a duniya. Ta ɗaga wayarta ta ce, "Haba Hajiya, ai wannan suna kawai ake dannawa, kakanni su zubo." Aka yi dariya. Ban tanka mata ba, domin gidan mutane ne kuma ana tsakiyar rabon waina. Amsar ce nake rubutawa yanzu, ita da ire-irenta su karanta. Ba don in yabi kaina ba. Wanda ya kai ƙarshe zai ga babu abin yabo.

Ni ba a makaranta na fara wannan sana'a ba. A Kano na fara, a bayan Gwaggona, tun ban san bambancin alif da sanda ba. Ita ake aikawa binciken aure. In wani ya fito neman 'yar gida, sai mu yafa mayafi mu shiga unguwarsu kamar masu cigiyar mai kitso. Mu zauna gidan tsofaffi, mu sha ruwa, mu ja zance har mu san wa ya haifi wa, wa ya riƙe wa, daga ina kakansu ya zo. Gwaggo ta koya mini lissafin haihuwa: tazarar goyo, shekarun mace, wace ce za ta iya haifar wane. Ta kuma koya mini wani abu da ta fi ƙarfafawa. Takan ce, "Uwani, abin da zai cuci yarinya ki faɗa ko za a yanka ki. Amma abin da ya wuce, mai shi ya mutu, ki haɗiye shi. Mu ba 'yan tonon asiri ba ne." Na haɗiye da yawa, kuma har yau akwai gidajen da suke zaune lafiya saboda shiruna.

Ina da shekara arba'in da uku na shiga makarantar matan aure. Na zauna a benci da sa'o'in 'ya'yana, na sha dariya, na ƙi fita sai da na karɓi takardar sakandare. Wanda ya yi karatu da girma yana da wata ɗabi'a: ba ya tsallake harafi. Ku da kuka fara tun kuna tsotsar yatsa, ido kawai kuke watsawa ku cinki sauran. Ni sai na bi kalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Wannan jinkirin da ake mini gori a kai, shi ya ba ni abinci a ƙasar Larabawa.

A 2016 na zo Dubai wankan jegon 'yata Rabi, wadda take aikin nas. Da aka yi arba'in zaman fulat ya ishe ni, sai na fara bin ta gidan wata maƙwabciya da take wanke wa ciwon ƙafa, a nan unguwarmu ta Deira. Sunanta Nora, tsohuwa 'yar Ayilan, mijinta ya yi aikin tashar jiragen ruwa har ya rasu, ita kuma ta ƙi komawa gida. Bangon falonta cike yake da manyan takardu masu sunaye da layuka. Ina jiran Rabi na tsaya ina karanta ɗaya. Na ce da ɗan Turancina, "Wannan matar ba ita ta haifi yaran nan biyu ba. Wata biyar ne tsakaninsu, kuma duk sun rayu." Nora ta ture hannun Rabi, ta dogara sanda ta zo ta duba. Ashe mata biyu ne masu suna ɗaya, matan 'yan'uwa biyu, ta haɗe su wuri guda. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Gobe ƙarfe tara." Ita ta yi mini takardar aiki.

Kayan aikin ba su da yawa. Kwamfuta mai fuska biyu, gilashin ƙara girman rubutu, katuna farare a cikin kwalin takalmi, fensir, da alƙalamin tawada guda ɗaya da yake kulle a durowa. Takardun kuwa hotunansu muke samu daga can Ayilan da Amurka: littafin baftisma na coci, jerin sunayen waɗanda suka hau jirgin ruwa, takardun ƙidaya, shaidar mutuwa, wasiyya, hoton dutsen kabari. Rubutun limaman cocinsu na da can, wallahi kaza ta fi su tsari. Wani ya rubuta da harshen Latin, wani tawadarsa ta zube, wani ɓera ya ci gefen shafin daidai inda sunan uwa yake. Na taɓa yin kwana huɗu a kan layi ɗaya.

Dokar Nora guda ce. Ba a haɗa ɗa da uwa da tawada sai an sami takarda biyu da ba su san juna ba, sun faɗi magana ɗaya. Kafin nan fensir. Na ce mata ai mu ma shaidu biyu muke nema, ta ce to kin ga ba sai na wahala ba. Shekara guda cur ban taɓa alƙalamin nan ba.

Mutanen Ayilan suna da abin da zai haukata mai gaggawa. Suna biyar suke juyawa: Fatirik, Maikal, Tomas, Meri, Birijit. Ƙauye guda sai ka sami Fatirik goma masu sunan gida ɗaya. In yaro ya mutu, na bayansa sai a mayar masa da sunan, sai ka ga kamar mutum ɗaya an haife shi sau biyu. Shekaru kuwa kowa ƙarya yake yi wa mai ƙidaya. Mace ta hau jirgi da talatin, bayan shekara goma ka same ta da talatin da huɗu. Masu kawo mana aiki ma sai haƙuri. Malaman makaranta, matuƙan jirgin sama, nas-nas, wasu fasfo suke nema ta wajen kaka, wasu sarauta. Wani matuƙin jirgi ya rantse kakansa sarki ne. Na samo masa shi yana haƙa rami a bakin titin jirgin ƙasa. Ya yi fushi kamar ni na ba shi shebur ɗin. Na ce wa Nora, ashe ba a Kano kaɗai kowa yake son ya zama jikan sharifai ba.

Aikin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, a ƙarshen 2019 ya zo. Wani dattijo ne, Dolan, ya kusa tamanin, haifaffen Amurka, ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin tace ruwan teku a ƙasashen nan, yana zaune wajen 'yarsa Ket mai koyarwa. Baba Dolan nake ce masa, shi kuma Hajiya, don ya daɗe da Larabawa. A lokacin Nora ta tafi gida a yi mata aikin ƙugu, ta bar mini ofis da mukullin durowa. Karo na farko ke nan.

Ya shigo da gwangwanin biskit a hammata. Ya buɗe, sai ga takalmin yaro ƙafa ɗaya, baƙi, fatar ta bushe ta tsattsage. Ya ce, "Na kakana Tomas ne. Shi ne autan Fatirik da Meri, waɗanda suka zo Amurka daga Ayilan. Kowace shekara lokacin Kirsimeti sai takalmi ya zo masa ta gidan waya, kuma kullum daidai ƙafarsa. In ya tambaya, Meri ta ce daga yayarka Birijit, shi ke nan, ba a ƙara magana. Bai taɓa ganin ta ba. Yana shekara sha huɗu takalmi ya daina zuwa. Har ya tsufa yana ba ni labarin nan. Ina so in san wace ce Birijit, kuma ina take kwance."

Na ce, "Kai me kake zato, Baba?"

Ya ce, "Ba zan faɗa miki ba, kada in ɓata miki ido. Ki duba da naki. Amma ki yi sauri, Hajiya, likita ba ya son ƙarar zuciyata."

Jerin jirgin bai ba ni wahala ba. Ga Fatirik leburan gona, ga Meri, ga yara huɗu, Birijit ce babba, shekararta tara. Suka sauka a wani garin masaƙa. A takardar ƙidaya na sami Tomas an rubuta shi ɗa a gidan. Mai danna waya a nan zai tsaya, ya ce khalas, an gama. Ni kuwa lissafin Gwaggo ya motsa. Na jera haihuwar Meri a katuna: bi da bi, shekara biyu-biyu, sai ta tsaya cak. Shekara goma sha ɗaya shiru, sannan Tomas, alhali ko da ƙaryar shekarunta ta haura hamsin. Na duba littafin cocin unguwarsu inda aka yi wa sauran dangi komai, babu Tomas. Gidan da ba sa wasa da coci, a ce auta ba shi da baftisma?

Mako uku ina bin cocin garuruwan kewaye, shafi-shafi. A wani ƙaramin coci a ƙetaren kogi na same shi. Tomas. Uwa: Birijit Dolan. Wurin sunan uba an ja layi. Shekararta sha bakwai a lokacin. Bayan kwana biyu na sami shaidar mutuwarta a wani gari mai nisan yini guda a jirgin ƙasa. Aikatau take yi a gidan masu kuɗi, tarin fuka ya kashe ta tana da talatin da ɗaya, daidai shekarar da takalmi ya daina zuwa. Uwar ɗakinta ce ta ba da bayani: ba aure, ba ɗa. An binne ta a maƙabartar talakawa, kabarin lamba gare shi, ba suna.

A nan sana'ata ta ƙare, ya rage in rubuta. Sai na zauna ina kallon layin nan da aka ja a wurin sunan uba. Na tuna dattijon, da farin gashinsa, da yadda yake gaishe ni da ladabi. Na ce a raina, mutumin kirki irin wannan, ƙafarsa ɗaya a kabari, ni ce zan je in ce masa kakanka ɗan gaba da fatiha ne? A gaban 'yarsa? Yarinyar ta mutu, iyayenta sun rufa mata asiri shekara fiye da ɗari, ni wace ce da zan zo daga Kano in yaye? Ban yi shawara da kowa ba, domin ban ga abin shawara ba. A ganina lada zan samu.

Nora ta kira ni daga gadon asibiti. Ta ce, "Kin sami baftismar yaron?" Na ce, "Ban samu ba, wataƙila littafin ya ƙone." Ta ce, "To ki bar shi da fensir." Na ce to. Na ajiye waya, na buɗe durowa, na ɗauko alƙalamin. Na ja layi daga Meri zuwa Tomas da tawada, na sa Birijit a gefe a jerin 'yan'uwa. Na yi rubutun da kyau ƙwarai, irin wanda malamarmu ta makarantar matan aure take ɗagawa ta nuna wa aji. Takardar baftismar kuma na naɗe ta na sa a ƙasan akwatina cikin zannuwa.

Na kai masa har gida. Ket ta kawo shayi. Na shimfiɗa takardar a tebur, na nuna masa jirgi, na nuna masa masaƙa, na ba shi lambar kabarin. Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa, ya dawo, ya sake bi.

Ya ce, "To ashe yaya ce kawai."

Na ce, "Yaya ce mai son ƙaninta. Kakanka da aure aka haife shi, Baba, ka kwantar da hankalinka."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, na ce miki hankalina a tashe yake?"

Na ce, "A'a, faɗa dai na yi."

Ya ce, "Kin tabbata? Kin ga takarda?"

Na ce, "Tawada ce ka gani. Mu ba ma sa tawada sai mun tabbata."

Ya mayar da takalmin cikin gwangwani ya rufe. Ya yi mini godiya, ya sa aka ba ni kwalin dabino. Na hau abra, kwale-kwalen fito, na ƙetare ruwa ina cin dabinon nan, ina ji da kaina kamar wadda ta dawo daga raba faɗa.

Sai shekarar korona ta shigo. Aka rufe Al Ras ruf, aka rufe ɗakunan ajiyar takardu na can, babu mai ɗauko mana hoton ko shafi ɗaya. Matuƙan jirgi da malamai aka sallame su, suka kwashe kaya suka tafi, wasu da aikinsu rabi a kwalina. Nora ta maƙale a Ayilan. Rabi tana asibiti cikin rigar leda, ni ina gida da jika ina goge ƙurar kwamfuta. Wata bakwai ban buɗe katin kowa ba. A cikin watannin nan Baba Dolan ya rasu. Ba cutar ba ce, zuciyar ce. Na yi wa Ket gaisuwa ta waya.

A 2021, Nora ta dawo, aiki ya fara motsi, sai Ket ta kira. Za ta koma Amurka, tana son a ƙara buga mata takardar asalin guda biyu. Na kai mata da kaina. Gidan duk kwalaye, gwangwanin biskit yana kan ɗaya. Ta ga ina kallon sa sai ta yi murmushi.

Ta ce, "Kin san abin da Baba ya yi zato? Tun yana saurayi yake cewa Birijit ce ta haifi kakansa. Wai babu yayar da za ta san girman ƙafar yaron da ba ta gani, shekara sha huɗu ba kuskure. Har ya yi magana da mai sassaƙa dutse, zai sa mata dutse a kabari a rubuta uwar Tomas. Shi ya sa ya zo wurinku, yana son takarda kafin ya sa a rubuta. Ranar da kika tafi ya kira mutumin ya ce a bari. Ya ce, ni tsohon banza ne, shekara sittin ina ƙirƙira wa baiwar Allah labari. Daga nan bai ƙara ambaton ta ba."

Na ce, "Da gaskiya ne fa, ba zai ji kunya ba?"

Ta ce, "Kunyar me? Yarinya tana wanke tukwanen mutane tana tara kuɗin takalmi? Ai ita yake alfahari da ita duk a dangin."

Na ajiye kofin shayi. Na ce ta jira ni. Na hau jirgin metro na koma gida, na zazzage akwati a gaban Rabi tana tambaya ta lafiya, na ɗauko takardar, na koma. Ban zauna ba. Na miƙa mata na ce, "Babanki ba tsohon banza ba ne. Ga shi nan. Tun kafin in zo gidan nan na same ta, na ɓoye."

Ta karanta a tsaye. Ta daɗe a kan layin sunan uwa. Sannan ta ce, "Me ya sa?"

Na ce, "A garinmu haka ake yi wa mutanen kirki. Ana rufa musu asiri."

Ta ce, "Haka Meri ma ta yi."

Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe mini ƙofa. Na fita.

Washegari na faɗa wa Nora da bakina kafin ta ji a wani wuri. Ta saurara har na gama, ta miƙo hannu ta ce, "Mukulli." Na ba ta. Ta ce, "Wa kuma kika rufa wa asiri?" Na ce babu. Ta ce, "Za mu gani." Ta sa na sauko da duk aikin da hannuna ya taɓa tun 2016, muka bi su kati-kati, wata biyu. Ba a sami komai ba, amma ban ga laifinta ba. Wanda ya yi ƙarya da tawada sau ɗaya, fensirinsa ma sai an duba. Ba ta kore ni ba. Mukullin dai har yau yana jakarta.

Ban ce tarbiyyar Gwaggo banza ce ba. A zauren da ta koya mini, tana da wurinta. Kuskurena shi ne na ɗauko ta na kawo inda ba a aike ni da ita ba. Mutum ya zo da tambaya, ya ce in duba da idona, ni kuma na yanke masa abin da zai iya ɗauka ban tambaye shi ba. Na zaci shi nake karewa. Yarinyar da aka ƙwace wa ɗa aka mayar da ita yaya, ta jira shekara fiye da ɗari wani ya buɗe littafin ƙetaren kogi. Ni na buɗe. Ni na sake rufewa.

Bayan wata huɗu Ket ta aiko wa Nora hoto, ba ni ba. Dutse ne ƙarami a cikin ciyawa. Nora ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta tafi dafa shayi. Na bi shi harafi-harafi yadda na saba: Birijit Dolan, uwar Tomas.

Yanzu ke 'yar digiri na biyu, ɗauko wayar taki. Lokacin kulle, wani ɗan'uwan Ket ya ɗauki hoton takardar da na rubuta ya sa a intanet, saboda kyan rubutun. Dangi na nesa suka kwafa, na nesa da su suka kwafa daga gare su. Na rubuta wa duk wanda na samu, wasu sun gyara, da yawa ko amsa ba su ba ni ba. Danna Tomas Dolan ki gani. Kakanni za su zubo miki kamar yadda kika ce, za ki ga an sa Meri ce uwarsa. Wannan ba tarihi ba ne. Rubutuna ne.